Darasi: Inzayim da Aikin Tace Mai Domin Yin Dizal Daga Tsirrai

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya faɗin abin da ake nufi da inzayim da irin aikinsa, ya ambaci abubuwa biyu da ke hana ɗanyen mai zama man inji mai kyau, ya bayyana yadda inzayim ke kawar da kowannensu, kuma ya yi ɗan lissafin da ma'aikatan masana'antar mai ke yi kullum.

1. Daga man gyaɗa zuwa tankin mota

A shekarar 1900, a babban bajen kolin duniya da aka yi a birnin Faris, an tayar da wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa zalla, ya kuwa yi aiki lafiya lau. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin. Tana mulkin ƙasashe a Afirka inda gyaɗa ke yin kyau, sai ta so ta ga ko injuna za su iya aiki a can da abin da gonakin wurin ke bayarwa, ba sai an yi dakon kwal ko fetur daga Turai ba. Rudolf Diesel, Bajamushen da ya ƙirƙiro injin, ya riƙa ambaton wannan gwaji a jawabansa daga baya.

Sai dai injin yau ba irin na wancan zamani ba ne. Man gyaɗa da na waken soya da manja sun fi dizal kauri wajen sau goma. Idan aka zuba su ɗanye a injin zamani, nozul ba ya fesa su yadda ya kamata, ba sa ƙonewa sarai, a hankali sai baƙin dauɗa ya taru ya kashe injin. Saboda haka dole a sauya man tukuna. Wani masani a jami'ar birnin Burasel ta ƙasar Beljiyam, mai suna Chavanne, ya yi rajistar hanyar yin haka da manja tun a 1937.

A yau hanyoyi biyu ne manya. Ta farko, a haɗa mai da wani sinadari mai suna metanol, a sami bayodizal. Ta biyu, a dafa man da iskar haidurojin cikin matsi mai tsanani da zafin da ya haura digiri 300, a sami dizal da bai da bambanci da na rijiyar mai a wurin inji. Kamfanin Neste na ƙasar Finlan ya fara wannan hanya ta biyu a garin Porvoo a 2007, ya buɗe manyan masana'antu a Singafo a 2010 da Rotadam a 2011. Da ita ake yin wani kaso na man jirgin sama ma.

Duk hanyoyin biyu abu ɗaya suke ƙi, wato mai mai datti. A nan inzayim ke shigowa.

> Makamashi mai sabuntuwa: makamashin da tushensa ke dawowa cikin ɗan lokaci, kamar man tsirrai da ake nomawa kowace damina.
>
> Bayodizal: man inji da ake samu idan an haɗa man tsirrai ko kitsen dabba da metanol.

2. Mene ne inzayim?

Wanda ya daɗe yana tauna burodi zai ji ya soma zaƙi a bakinsa. Akwai wani abu a cikin miyau da ke yayyanka sitaci ya mai da shi sukari. Mai dafa naman tsohuwar saniya da ya nannaɗe shi da ganyen gwanda ya ajiye, zai tarar ya yi laushi. Matan Fulani da ke sa ruwan tumfafiya a madara ta daskare ta zama cuku, su ma da irin wannan abu suke aiki. Sunansa inzayim.

Inzayim furotin ne da jikin mai rai ke yi domin ya gaggauta wani sauyi. Aikin da zai ɗauki watanni idan an bar shi, inzayim na gama shi cikin sa'o'i, kuma shi kansa ba ya ƙarewa a cikin aikin. Yana gama yanka ƙwaya ɗaya sai ya koma kan ta gaba. Shi ya sa ɗan kaɗan ke isar abu mai yawa.

Halinsa da ya fi burge masu masana'anta shi ne zaɓe. Kowane inzayim abu guda ya sani, ba ruwansa da sauran. Masanin sinadarai Emil Fischer ya kwatanta wannan a 1894 da mabuɗi da kwaɗo: mabuɗin ɗaki ba ya buɗe shago. Soda kuwa, ko asid mai ƙarfi, duk abin da suka tarar ci suke, mai kyau da maras kyau.

Yana da rauni kuma. Zafi mai yawa na lalata shi har abada, haka ma tsami ko kanwa idan sun wuce kima. Yawancin waɗanda ake aiki da su a masana'antar mai sun fi son ɗumi tsakanin digiri 35 da 60.

Ba daga miyau ko gwanda masana'antu ke samun nasu ba. Ana kiwon wasu irin funfuna da yis a manyan tankunan ƙarfe, a ciyar da su sukari, su zubo da inzayim a cikin ruwan, sannan a tace a ɗura. Kamfanin Novozymes na ƙasar Denmak ya daɗe a gaba a wannan sana'a. A 2024 ya haɗe da Chr. Hansen, suka koma Novonesis.

> Katalis: duk abin da ke gaggauta sauyin sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba.
>
> Inzayim: katalis na furotin wanda mai rai ke yi.

3. Matsala ta farko: danƙon mai

Duk macen da ke matse man gyaɗa tana yin ƙuli-ƙuli ta san cewa idan sabon mai ya kwana biyu a galan, wani abu mai kauri yana kwantawa a ƙasa. Wani ɓangarensa ɓurɓushin gyaɗa ne, wani kuma danƙo ne da ke fitowa tare da man daga cikin ƙwayar. Ɗanyen man waken soya ya fi yawansa, yakan kai kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari.

Ƙirar wannan danƙo ita ce tushen wahalar. Kowace ƙwayarsa tana da kai ɗaya da jela biyu. Kan yana son ruwa, kuma a cikinsa akwai sinadarin fosfaras. Jelar biyu kuwa mai suke so. Don haka danƙon yakan tsaya tsakanin ruwa da mai ya riƙe su duka, ya hana su rabuwa.

Ga mai yin man inji, fosfaras abokin gaba ne. A masana'antar haidurojin, yana manne wa katalis ɗin ƙarfe mai tsadar gaske da ke cikin tukunyar sarrafawa, ya toshe shi, har sai an tsayar da aiki an canza. Tsayar da irin wannan masana'anta na kwanaki asara ce babba. A mota kuma yana lalata na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Shi ya sa ƙa'idar Turai mai lamba EN 14214 ba ta yarda fosfaras ya wuce miligram 4 a kilo ɗaya na bayodizal ba, ta Amurka kuma ta tsaya a 10.

Tsohuwar dabara ita ce a zuba ruwan zafi kaɗan a cikin man a motsa. Danƙon sai ya sha ruwa ya kumbura, a raba shi da injin juyi mai gudun gaske. Dabarar na aiki, amma da saura. Akwai wani kaso na danƙon da ya ɗaure da sinadaran kalsiyam da maganiziyam, wanda ba ya shan ruwa ko kaɗan, yana nan zaune a cikin man. Wanda ya fita ɗin ma ba ya fita shi kaɗai, yana jan mai mai kyau ya tafi da shi.

Inzayim ɗin da ke maganin wannan sunansa fosfolifes, kuma iri biyu aka fi amfani da su. Nau'in A yana yanke jela ɗaya. Danƙon da ya rage da jela guda ba ya iya riƙe mai sosai, sai ya bi ruwa ya fita cikin sauƙi. Nau'in C kuwa kan yake cirewa. Kan, da fosfaras ɗinsa, ya tafi cikin ruwa, jelar biyu su zauna a cikin man su zama ƙari a kansa. Abin da a da ake zubarwa ya koma abin sayarwa. A man waken soya ƙarin yakan kai kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari.

Ga yadda aikin ke tafiya da nau'in A. Ana ɗumama man, a zuba masa ɗan asid irin na lemun tsami domin ya kwance ɗaurin kalsiyam. A daidaita tsamin, a sauko da zafi zuwa wajen digiri 50 ko 55, a zuba inzayim ɗin cikin ruwa kaɗan. Abin da tan guda ke buƙata bai fi gram ɗari ko ɗari biyu ba, sau da yawa ma bai kai haka ba. Sai a kaɗa da ƙarfi har ruwan ya watsu ya zama ƙananan ɗigo, domin inzayim a bakin iyakar ruwa da mai yake aikinsa. Bayan 'yan sa'o'i a ƙara zafi, a tura man injin juyi. Fosfaras yakan sauka ƙasa da miligram 10 a kilo ɗaya.

Kamfanin Lurgi na Jamus ne ya fito da wannan hanya a 1992 da sunan EnzyMax. Inzayim ɗin farko daga cikin alade ake ciro shi, ga ƙaranci ga tsada, kuma man girkin da aka tace da shi ya zama abin tambaya ga Musulmi da Yahudawa. Samun irinsa daga funfuna ne ya warware matsalar, ya buɗe wa hanyar kasuwa a duniya.

> Danƙon mai: sinadari mai fosfaras da ke fitowa tare da ɗanyen mai. Masana na kiransa fosfolifid.
>
> ppm: ma'aunin abu ƙanƙani, kashi ɗaya cikin miliyan. 1 ppm daidai yake da gram ɗaya a tan guda, ko miligram ɗaya a kilo guda.

*Misali na 1.* A ɗauka an auna ɗanyen man waken soya an sami fosfaras 800 ppm. Ke nan kowane tan yana ɗauke da gram 800. Masana'antar da ke tace tan 200 a rana tana karɓar gram 800 × 200 = gram 160,000, wato kilo 160 na fosfaras kullum. Idan inzayim ya saukar da shi zuwa 5 ppm, abin da zai rage gram 5 × 200 = gram 1,000, kilo ɗaya tak.

*Misali na 2.* Idan wannan masana'anta ta koma nau'in C ta sami ƙarin mai kashi 1 cikin ɗari, ta sami tan 2 ke nan a rana. A kwanakin aiki 300, tan 600 ne, ba tare da an ƙara noma ko kadada ɗaya ba.

4. Matsala ta biyu: sabulu a inda ba a nema ba

Ƙwayar mai tana da gindi ɗaya, wanda ake kira gilisarin, da reshe uku na asid ɗin mai. Yin bayodizal shi ne a ɓalle rassan uku daga gindin, a maƙala wa kowanne metanol. Gilisarin ya fi nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, man inji ya taso sama. A ƙiyasi, kilo 100 na mai da kilo 10 na metanol suna ba da kilo 100 na bayodizal da kilo 10 na gilisarin, wanda masu yin sabulu da man shafawa ke saya.

Katalis ɗin da aka saba da shi soda ce, irin wadda masu yin sabulu ke saya a kasuwa. Tana da arha, tana da sauri, cikin kamar sa'a ɗaya a zafin digiri 60 an gama. Amma tana da sharaɗi: sai man ya zama mai tsabta, marar ruwa.

Man da mai ƙosai ta yi kwanaki tana suya da shi ba haka yake ba. Zafi da ruwan ƙullu sun riga sun ɓalle wasu rassan, suna yawo su kaɗai a cikin man. Haka manjan da aka bar ƙwararsa ta daɗe kafin a dafa, haka kitsen mahauta, haka man 'ya'yan bini-da-zugu da aka ajiye a danshi. Waɗannan ɓallallun rassa su ake kira sakakken asid. Da zarar soda ta gamu da su, sabulu take yi, kamar dai yadda aka san soda da mai. Sabulun ya cinye sodar, ya haɗe gilisarin da man inji su ƙi rabuwa, tukunya ta cika da wani abu mai yauƙi. Idan sakakken asid ya haura kashi 1 cikin ɗari, mai aiki da soda ya fara shiga wahala.

Inzayim mai suna lifes ba ya yin sabulu. A jikin ɗan Adam shi ne ke narkar da kitse a hanji. A masana'anta yana aiki biyu a tukunya ɗaya: yana ɓalle rassan da ke jikin gilisarin ya haɗa su da metanol, kuma yana kama waɗanda suka riga suka saku su ma ya mai da su man inji. Ɗan ruwan da ke cikin man ba ya damunsa, nau'in lifes na ruwa ma sai da shi yake aiki. Zafin digiri 35 zuwa 45 ya ishe shi, gilisarin ɗin da ke fita kuma ya fi tsabta, domin babu gishirin soda a ciki.

Wani shahararren lifes, wanda ake sayarwa da sunan Novozym 435, asalinsa daga wani yis ne da aka fara ganowa a wani tafki a yankin ƙanƙara na Antatika. Ana manna shi a jikin ƙananan ƙwayoyin roba domin a tace a sake aiki da shi. Tsadarsa ce ta daɗe tana hana shi shiga manyan masana'antu. A ƙarshen 2014 Novozymes ya fito da Eversa, lifes na ruwa mai sauƙin kuɗi, kuma masana'antar Blue Sun da ke garin St. Joseph a jihar Misuri ta Amurka tana cikin na farko da suka kama aiki da irinsa.

Akwai wata dabara da ta cancanci a sani. Metanol idan ya yi yawa a lokaci ɗaya yana kashe lifes. Masu bincike a Japan sun nuna a 1999 cewa idan aka raba metanol ɗin kashi uku aka riƙa zubawa bi da bi, inzayim ɗin yana rayuwa ya yi ta aiki. Har yau da kaɗan-kaɗan ake zuba shi.

> Sakakken asid: reshen mai da ya ɓalle daga gilisarin. Yana yawa a tsohon mai da man da aka yi suya da shi.
>
> Lifes: inzayim da ke ɓalle rassan mai ko ya haɗa su da wani sinadari.

*Misali na 3.* An tara kilo 100 na tsohon man suya, aka auna aka ga kashi 10 cikin ɗari sakakken asid ne, wato kilo 10. Da soda, wannan kilo 10 zai zama sabulu kusan kilo 11, ya kuma riƙe wani man ya tafi da shi. Da lifes, mafi yawansa zai zama bayodizal.

*Misali na 4.* Ana rubuta gaurayen mai da harafin B da lamba. B20 na nufin kashi 20 cikin ɗari bayodizal ne, sauran dizal na rijiya. Janareton injin niƙa mai tankin lita 50, idan an cika shi da B20, yana ɗauke da lita 10 na bayodizal da lita 40 na dizal.

5. Inda gizo ke saƙar

Inzayim ba ya gaggawa irin ta soda. Aikin sa'a ɗaya yakan kai shi yini guda, wani lokaci da kwana, don haka ana buƙatar tankuna manya ko masu yawa. Yana da tsada, kuma ƙasashe ƙalilan ke yin sa. Yakan kuma bar ɗan sakakken asid a ƙarshe, wanda sai an bi da 'yar soda an wanke kafin man ya cika ƙa'ida. Wanda ke da tataccen man waken soya mai kyau, soda ta fi masa sauƙi. Inzayim ya fi biya ne a inda man yake da arha saboda lalacewarsa.

A nan darajarsa take, kuma ba ƙarama ba ce. Babban ƙorafin da ake yi wa man inji na tsirrai shi ne yana gogayya da tukunyar miya. Indunusiya, wadda ta fi kowace ƙasa yin manja, ta kai gaurayenta B30 a 2020, B35 a 2023, B40 a 2025, kuma duk manjan da ya shiga tanki bai shiga kasuwar abinci ba. Nijeriya ta fitar da manufarta ta man tsirrai a 2007, har da burin B20, amma ƙasa ce da man girkin da take yi bai ishe ta ba, sai ta shigo da ƙari daga waje. Ƙona man gyaɗa mai kyau a inji a irin wannan hali ba dabara ba ce. Abin da ya dace da inji shi ne man da ya gama amfani a kasko, da kitsen da ake zubarwa a kwata, da man tsirran da ba a ci. A ƙasar Mali an yi amfani da man bini-da-zugu wajen ba garin Garalo wutar lantarki. Irin waɗannan mayuka su ne soda ke kasawa a kansu, lifes kuma ya iya da su. Akwai ribar lafiya ma, domin man da ya yi baƙi da suya ya fi kyau ya bar kasko.

Gargaɗi: metanol guba ne. Shan kaɗan daga cikinsa na makantarwa ko ya kashe, shaƙar tururinsa na cutarwa, kuma yana kama wuta da harshen da ba a cika gani da rana ba. Ba aikin da za a gwada a tsakar gida ba ne.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa ba a zuba ɗanyen man gyaɗa kai tsaye a injin dizal na zamani?
2. Kawo misalai biyu na aikin inzayim a cikin gida.
3. Wace illa fosfaras ke yi a masana'antar haidurojin, wace kuma yake yi a mota?
4. Bayyana bambancin aikin fosfolifes nau'in A da nau'in C. Wanne ke cire kan danƙo ya bar jelar a cikin mai?
5. Ɗanyen mai yana da fosfaras 600 ppm. Kilo nawa na fosfaras ke cikin tan 50?
6. Me ke faruwa idan soda ta haɗu da sakakken asid?
7. Don me ake zuba metanol kaɗan-kaɗan idan ana aiki da lifes?
8. Mota ta sha lita 80 na B35. Lita nawa ne bayodizal a ciki?
9. Waɗanne mayuka ko kitse ake zubarwa a unguwarku ko kasuwarku? Ku tattauna yadda za a iya tara su, da wanda ya kamata ya ɗauki nauyin tarawar.